Abin da Tafinta Ya Kasa Juyawa: Kalmomin Mugunta a Turanci da Tarihin Zalunci a Ƙasar Katsina

Kusada gari ne na manoma da makiyaya a tsakiyar Jihar Katsina, kudu maso gabas da Kankiya, dab da iyakar Kano. Hakiminsa shi ke riƙe da sarautar Bebejin Katsina. Ƙasar Katsina ba da yaƙi Turawa suka ci ta ba. A ƙarshen watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga ya iso birnin Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da faɗa ba. Saboda haka abin da talakan Kusada da Kankiya ya gani na mulkin Nasara shi ne takardar haraji, da malamin awon gona, da dogari, da alƙali, sai kuma Baturen rangadi da tafintansa.

A bakin tafintan nan labarin yake. A ƙaddara wani manomi ya samu dama ya durƙusa gaban Bature a barikin rangadi, ya ce, “Ranka ya daɗe, an zalunce ni.” Tilas tafinta ya zaɓi kalma. Turanci yana da kalmomi da dama da ke kewaye da wannan ma’ana, ƙamus kuma yakan jera su kamar ’ya’yan ɗaki ɗaya: *cruel*, *brutal*, *savage*, *barbarous*, *ruthless*, *oppressive*. Amma kowacce da inda take nuna yatsa. Wata zuciyar mai aikatawa take dubawa, wata jikin wanda aka cuta, wata kuwa asalin mutum da al’ummarsa take tuhuma. Wadda ta shiga littafin rangadi ita ke yanke ko za a bi wa manomin kadinsa ko a sallame shi da haƙuri. Tarihin kusan shekara sittin na mulkin Ingila a Arewa ya nuna cewa sau da yawa ba girman ɓarna ke zaɓar kalmar ba. Ana duba wanda ya aikata, sannan a laluba masa kalmar da ta dace da matsayinsa.

Asalin kalmomin da inda kowacce ta dosa

*Cruel* daga Latin ta fito, danginta ɗaya da kalmomin da ke nufin ɗanyen nama da jinin da ya zuba. Ana faɗarta ga wanda ya san abin da yake yi yana da ciwo, ya yi shi da gangan, ko ma ya ji daɗinsa. Ciwo shi ne ma’auninta. Shi ya sa tun 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana aikata shi ga shanu da dawakai, domin dabba ma tana jin zafi. *Ruthless* kuwa daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin tausayi aka gina ta. Mai wannan hali ba lallai ne yana jin daɗin wahalar wani ba, yana da inda ya nufa ne, duk wanda ya tare masa hanya sai ya bi ta kansa. Attajiri ko ɗan siyasa ana iya kiransa da ita, wani lokaci har da ɗan yabo a ciki.

*Brutal* ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin abu mai nauyi, daƙiƙi, wadda daga baya ta zama sunan dabba marar hankali. Ita ƙarfi take nunawa wanda babu tunani a cikinsa, abin da Hausa za ta kira dabbanci. Bambancinta da *cruel* shi ne, mai *cruelty* ya yi lissafi, mai *brutality* bai tsaya yi ba.

Sauran biyun su ne masu dafi. *Savage* ta biyo ta Faransanci daga kalmar Latin mai nufin daji, wato mutumin jeji wanda bai san zaman gari ba. *Barbarous* daga Girkanci take: Girkawan dā suna kiran duk wanda ba ya jin harshensu da *barbaros*, suna kwaikwayon yadda maganarsa ke faɗa musu a kunne. Kalmomin nan biyu tun fil’azal ba aiki suke siffantawa ba, jinsin mutane suke siffantawa. In aka ce aikin wani *cruel* ne, shi kaɗai aka zarga. In aka ce *barbarous* ne, an haɗa da iyayensa da garinsa da shari’arsa, an kuma buɗe ƙofar cewa suna bukatar wanda zai wayar da su. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin shi ma yana da irinta. “Baubawa” ita ce sunan da ya ba wanda ba ya jin Hausa, kuma an daɗe ana amfani da ita da ’yan uwanta wajen rage darajar waɗanda ake kai wa hari.

Sai rukuni na ƙarshe, wanda ya fi kusa da koken manomin nan. *Oppression* daga Latin take, ma’anarta danne abu, daidai da “danniya”. *Tyranny* daga sunan da Girkawa ke ba wanda ya ƙwaci mulki ba bisa ƙa’ida ba. *Extortion* kuwa daga murɗawa, wato tatsar dukiya da ƙarfin muƙami. Ashe Turanci bai rasa kalmar da za ta ɗauki nauyin zalunci ba. Abin tambaya shi ne wa aka yarda a jingina wa ita.

Ma’aunin Bahaushe

Hausa ma ta rarrabe. Mugunta a zuciya take, nufin cutar da wani ko da mai yi ba zai amfana ba, shi ya sa ake gargaɗin mai gina raminta ya gina shi gajere. Ƙeta ƙanwarta ce, ta ƙananan abubuwa, irin ta mai zuba ƙasa a abincin wani. Rashin imani shi ne bushewar zuciya, kuma abin lura ne cewa Bahaushe ya ɗauki rasa tausayi a matsayin rasa imani. Akwai gallazawa da gana azaba, waɗanda suka shafi jiki, akwai cin mutunci da cin zarafi, waɗanda suka shafi daraja.

Zalunci daban yake da dukkansu. Daga Larabci aka aro shi, malaman lugga kuma suna fassara asalinsa da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. Sai abu uku sun haɗu yake tabbata: mai ƙarfi, da mai haƙƙi, da haƙƙin da aka tauye. Ba ya bukatar jini, ba ya bukatar fushi. Ana iya yinsa da murmushi, da alƙalami, da mudun da aka rage wa baki. Ko jaki aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, Bahaushe cewa yake an zalunce shi, saboda yana ganin dabba ma tana da haƙƙi a kan mai ita. Ta ɗaya gefen kuma, a wurin alƙalin da ya yi karatun fiƙihu, hukunci mai tsanani da ya sauka kan wanda ya cancance shi bisa hujja ba zalunci ba ne. A nan ma’aunai biyun suka saɓa: *cruelty* tana tambayar yawan zafin da aka ji, zalunci yana tambayar haƙƙin wa aka ci.

Wannan kalma tana da tarihin siyasa a ƙasar Hausa tun kafin Turawa. A littafin Kitabul Farƙ, wanda ake dangantawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an lissafa abubuwan da ake tuhumar sarakunan Hausa da su, an kuma kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa mahukunta, ƙwace dukiyar mamaci, kama dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Mafi yawan abin da ke cikin jerin al’amarin dukiya ne da haƙƙi. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje, wanda garinsa Dallaje ke ƙasar Bindawa, maƙwabciyar Kankiya, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa ƙa’idojin mulki, Bello ya rubuta masa Usulus Siyasa, inda ya jaddada sauƙin hali ga talakawa da sa ido a kan ma’aikata. Abdullahi na Gwandu kuma, a Liya’ul Hukkam da ya rubuta a Kano, ya yi bayanin hukumar mazalim, wato zaman da shugaba ke yi don karɓar ƙarar waɗanda masu iko suka ci haƙƙinsu.

Ba a ce daular da ta biyo baya ta cika wannan alkawari ba. Shi kansa Abdullahi tun da wuri ya koka da yadda neman mulki da dukiya ya shiga zukatan mutanen jama’a. Jangali ya dawo. Harin bayi ya ci gaba har ƙarshen ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da Maraɗi kuma suka hana ƙauyuka barci shekaru da yawa. Bawan da aka kamo daga kudu ba kasafai kalmar zalunci ke rufe shi ba, saboda an riga an sa masa wani suna. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin sace-sacen mutane a ƙuruciyarta a ƙasar Zazzau, ta kuma nuna cewa talakawa da yawa sun yi maraba da zuwan Turawa don sun gaji da hare-hare. Duk wanda zai auna kalmomin Lugga da adalci sai ya riƙe wannan a zuciya.

Abin da Lugga ya hana da abin da ya bari

Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Da ya tura sojoji Kano sai da ya kare matakinsa a gaban ofishin mulkin mallaka a Landan, wanda ba ya son kashe kuɗi a yaƙi. Hujjarsa ita ce sarakunan Fulani sun lalace, mulkinsu ya koma harin bayi da tatsar talakawa da azabtar da fursunoni. Bayan Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Lugga ya siffanta gidan yarin birnin a rahotonsa: ɗakuna ƙanana marasa iska da ake cusa mutane har wasu su mutu a ciki. Gidan yarin gaskiya ne, wahalar da ke cikinsa ma gaskiya ce. Amma siffantawar ta yi wa Lugga aiki biyu, ta nuna ɓarna, ta kuma halatta masa ƙasa.

Dokar kotunan gargajiya ta 1900, da wadda ta maye gurbinta a 1906, sun bar alƙalai su ci gaba da shari’a, bisa sharaɗin kada a yanke gaɓa, kada a gana azaba, kada a zartar da hukuncin da ya ci karo da abin da dokar ta kira adalci na ɗabi’a da tausayin ɗan Adam. Kalmar da aka yi amfani da ita, *repugnant*, ma’anarta abin da rai ke ƙyama. Ran wa? Na Razdan. Da wannan aka dakatar da yanke hannu. Bulala kuwa aka bar ta, domin ita ran Bature bai ƙyamace ta ba tukuna. A Ingila kanta sai 1868 aka daina rataye mutane a bainar jama’a, sai 1948 kotuna suka daina yanke hukuncin bulala, alhali tun 1689 dokar ’yancinsu ta hana hukuncin da ta kira *cruel*. Iyakar kalmar tana matsawa ne gwargwadon abin da masu mulki suka saba gani.

Haka aka yi da bauta. Dokar 1901 ta hana harin bayi da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta ’yanta waɗanda ke hannun iyayengijinsu ba. An bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu, kuma sai 1936 aka soke bautar baki ɗaya. Hari, mai jini da kuka, shi aka kira *barbarous* aka hana nan take. Riƙe mutum yana noma gandun wani, wanda ba ya tayar da ƙura, aka bar shi ya mutu a hankali don kada tattalin arzikin sarakuna ya rushe.

Satiru: sunan da mai bindiga ke ba aikinsa

Ranar 14 ga Fabrairu 1906, mutanen Satiru, ƙauye mai nisan kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, waɗanda suka taru a kan da’awar Mahadi ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, suka fatattaki rundunar da aka tura musu. Suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙaƙe fiye da ashirin. Yawancinsu manoma ne da bayin da suka gudo, makamansu fartanya da gatari da baka. Ranar 10 ga Maris runduna ta dawo ƙarƙashin Manjo Goodwin da bindigogi masu aman wuta. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi ambata shi ne an kashe kimanin mutum 2,000. Aka ƙone garin, aka kwashe mata da yara, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la’anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. A watan Afrilu aka juya kan Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu.

 Irin waɗannan fitoci sunansu a harshen ofis *punitive expedition*, wato fita don horo, aikin gaba ɗaya kuma *pacification*, wato kwantar da tarzoma. In abin ya yi yawa sai a ce *severe*, mai tsanani, kalmar da ake faɗa wa malamin makaranta ko uba mai zafi. Kalmar horo tana ɗauke da hukunci a cikinta: ta riga ta yanke cewa wanda aka kashe mai laifi ne, wanda ya kashe kuma mai haƙƙin hukuntawa ne. A Landan an samu wanda abin ya dame shi. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta a fayil yana tambayar yadda za a kare halaka taron mutanen da kusan ba su da makami. Tambayar ta tsaya a fayil.

Girgizar Satiru ta kai Katsina. An riga an tuɓe Sarki Abubakar an naɗa Yero, shi ma a 1906 aka tuɓe shi bisa zargin rashin biyayya. Baturen Katsina, H. R. Palmer, ya tsaya wa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya taimaki Turawa a kwanakin fargabar, aka ba shi sarauta. Da haka mulki ya bar gidan Dallazawa ya koma na Sulluɓawa, Dikko kuma ya riƙe shi har 1944.

Abin da ba a samar wa suna ba

A zamanin Palmer da Dikko aka sake fasalin ƙasar Katsina. An soke jakadu, waɗanda Turawa suka ɗora wa laifin *extortion*. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu. An haɗe harajin dā iri-iri ya zama ɗaya, aka kafa baitulmali, wanda Katsina na cikin wuraren farko da aka gwada shi. Aka shigo da awon gona na taki a Kano da Katsina, malamai na bin gonaki suna ƙirga sawu. A takarda duk wannan gyara ne, kuma wani ɓangarensa gyaran ne da gaske. Amma a ƙauyukan Kusada da Kankiya ma’anarsa ita ce mai karɓar haraji ya matso kusa, ya san kowane gida, kuma kuɗin Bature yake so, a lokacin da aka ƙayyade, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Manomi kan sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha don ya biya, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, ta ci wani rabo na gonar abinci.

Ruwa ya ƙi a daminar 1913, yunwar da aka yi wa laƙabi da Ƙaƙalaba ta auka wa Arewa a 1914, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu. Ba a daina karɓar haraji ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka tilasta wa lardunan Arewa, har da na Katsina, su ba da mutane don haƙar kuza a Jos. Talakawa suka sa wa abin suna “ɗiban gwamna”. Dagatai da masu unguwanni su ke zaɓar wanda zai tafi, kuma ba ɗan mai hali ake zaɓa ba. Da yawa sanyin tsaunin da ƙarancin abinci da cuta suka kashe su.

A ma’aunin *cruelty* babu wanda za a kama a nan. Ba wanda ya ji daɗin mutuwar kowa, ba wanda ya zare takobi. Malamin haraji lissafi ya yi, Di’o sa hannu ya yi. In hakimi ya karɓi fiye da abin da aka rubuta ya sa a aljihu, wannan *extortion* ne, ana iya tuɓe shi. In ya karɓi daidai abin da aka rubuta daga hannun wanda ’ya’yansa ke kwana da yunwa, wannan ƙwazo ne. A ma’aunin zalunci kuwa duka biyun abu ɗaya ne, domin an ɗauki abu daga inda ya dace an kai inda bai dace ba. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, arewa da birnin Katsina, da ya zo buga littafinsa kan yunwa a Arewa a 1983, sai ya sa masa suna *Silent Violence*, wato ta’adi marar ƙara. Sai da ya haɗa kalmomi biyu kafin ya kamo abin da manomin Kaita ke faɗa da kalma ɗaya.

Ko a inda jiki ya ji zafi, wanda aka doka shi ke sa a ji ƙara. A 1912 aka yi wa wasu akawuna ’yan kudu bulala a kasuwar Zariya bisa umarnin Razdan, saboda ba su faɗi sun yi gaisuwa ba. Jaridun Legas suka ɗauki maganar har ta kai Landan, domin waɗanda aka doka sun iya Turanci, sun san kalmar da za ta motsa mai karatu a Ingila. Talakan da dogari ya zane saboda bashin haraji ba shi da jarida.

Kalmar ta dawo bakin masu ita

Da ’yan boko na Arewa suka fara haɗa kai, kalmar da suka ɗauko ta gida ce. Jam’iyyar Mutanen Arewa, tun tana ƙungiyar al’adu a 1949, ta ce yaƙinta da abu uku ne: jahilci, lalaci da zalunci. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a majalisar Kaduna yana neman a gyara mulkin En’e. A watan nan dai, ranar 8, aka kafa NEPU a Kano, wadda ta mai da zaluncin sarakuna da hakimai jigon siyasarta, ta kuma kira abin da take nema sawaba. Ƙarfin Malam Aminu Kano a ƙauye ya zo ne daga nan: bai bukaci tafinta ba. Da ya ce zalunci, mai sauraro yana jin haraji da jangali da aikin tilas a gandun hakimi, yana kuma jin amon wa’azin Shehu. Martanin En’e shi ne ɗauri da bulala ga ’yan NEPU a kotunan alƙalai, da tuhumar zagin sarki ko taro ba izini.

Tsarin mulkin 1960 ya zo da babin ’yancin ɗan Adam, bisa shawarar hukumar Willink ta 1958, an kuma kwaikwayo shi daga yarjejeniyar Turai ta 1950. Ya hana azabtarwa da hukuncin da ya kira *inhuman* ko *degrading*, wato na rashin tausayi ko na ƙasƙanci. Sai dai an sa togaciya: duk hukuncin da yake halal kuma sananne a wani yanki ranar 1 ga Nuwamba 1959 yana nan daram. Kalmomin nan biyu su ne har yau a sashe na 34 na tsarin mulkin 1999, kuma dukkansu jiki da daraja suke karewa. Abin da manomin Kusada ya fi kuka da shi ta hanyar siyasa aka taɓa shi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da ’yan doka daga hannun En’e. A 1979, lokacin Kusada na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Shekara fiye da 170 ke nan bayan an rubuta sunan jangali a jerin laifuffukan sarakunan Hausa.

Tafintocin yau

Aikin tafinta bai ƙare ba, ya koma ɗakunan labarai da kotuna da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, inda ake juya rahoto daga Turanci zuwa Hausa ko daga Hausa zuwa Turanci kowace rana. Rabon kalmomi kuma bai canja sosai ba. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ayyukan ’yan bindiga a matsayin ta’addanci, har umarnin ya kira su da sunayensu na Hausa, ’yan bindiga da ’yan ta’adda. Sauya sunan ya sauya irin ƙarfin da doka ta yarda a yi amfani da shi a kansu. Harin da suka kai ƙauye, sanarwar hukuma takan kira shi *barbaric*, ba kuwa wanda zai ce ba su cancanci zargi mafi muni ba. Amma ranar 3 ga Disamba 2023, da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, sunan abin a harshen hukuma kuskure ne. Yana iya zama kuskuren ne a niyya. Sai dai kalmar kuskure, kamar kalmar horo a 1906, tana rufe tambayar da zalunci ke buɗewa, wato haƙƙin wa aka ci, wa zai biya, kuma yaushe.

Akwai kuma abin da har yanzu ba ya samun babbar kalma saboda ba ya zubar da jini a gaban kyamara. A sassan Katsina da Zamfara ’yan bindiga kan ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka ko girbi. Rahotannin Turanci kan kira shi *levy*, kalma mai sanyi irin ta ofishin kuɗi. Mutanen ƙauyen haraji suke ce masa, kuma sun san abin da kalmar ke ɗauke da shi tun zamanin kakanninsu. Haka fanshon da aka riƙe shekaru, da gonar da aka karɓa ba diyya, da wanda ke tsare yana jiran shari’a fiye da wa’adin laifin da ake tuhumarsa da shi. Ba ɗaya daga cikinsu da zai amsa sunan *brutality*.

Saboda haka mai fassara, ko lauya ne ko ɗan jarida ko ma’aikacin asibiti mai rubuta rahoto, yana da abin dubawa kafin ya sauke kalma. In ya ga *savage* ko *barbaric*, ya duba ko aikin ake zargi ko ƙabilar mai aikin, domin a rikicin da ake yi yau tsakanin manoma da makiyaya wannan bambanci na iya jawo ramuwa kan wanda bai ji ba bai gani ba. In ya ga *severe* ko *unfortunate* a takardar hukuma, ya tambayi abin da za a kira aikin da wani ne ya yi shi. In kuma wani dattijo daga Kusada ya ce masa an zalunce shi, kada ya fara da tambayar ko an doke shi. Ya tambaye shi abin da aka karɓe masa, da wanda ya karɓa.